Kai Famfo Fachi: Littafin Hanyar Tenere

Laraba, 13 ga Nuwamba, Damagaram

Yau muka gama lodi. Aikin da ke gabana shi ne in kai famfo mai aiki da hasken rana Fachi, garin dabino da gishiri da ke tsakiyar hamadar Tenere, in kafa shi a kan rijiyar wasu masu lambu da suka shekara biyu suna tara kuɗinsa, in ga ruwa ya fito da idona, sannan in juyo. Na ɗau niyyar rubuta abin da ya faru kowace rana, musamman abin da ya shafi mota. Duk wanda na tambaya labarin hanyar nan sai ya ce mini "lafiya lau muka je, Allah ya tsare," ni kuwa so nake in ji me ya karye, a ina ya karye, da me aka ɗaure shi.

Motar ta Kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fi shekara ashirin yana bin hanyar Agadez zuwa Dirku kafin gwiwa ta zaunar da shi. Land Cruiser ce a-kori-kura mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta. Shi ya sa direbobin hamada ke sonta: abin da ya lalace a jikinta ido na iya ganinsa, hannu na iya kai masa. Ta tsufa, amma injinta ba ya hayaƙi.

Abin da muka ɗora: faifan sola takwas, ƙarafan da za a girke su a kai, famfon da akwatin wutarsa, naɗin waya, naɗin tiyo biyu, da siminti buhu huɗu. Na lissafa, sun kusa kilo 650. A Agadez kuma za mu ƙara gazuwal duro biyu, lita 400, wanda shi kaɗai ya kai kilo 340, ga ruwa, ga safaya taya biyu, ga kayan aiki da abinci, ga mu mutum uku har da yaron mota. Motar nan kayan tan ɗaya aka yi ta domin ɗauka. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya tsuguna ya duba sifirin ɗin baya da ya riga ya miƙe, ya ce, "Ɗan nan, sauke simintin nan." Na ce masa siminti a Fachi kuɗinsa ba ya taɓuwa, kuma ban sa shi cikin lissafin mutanen ba. Bai sake magana ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, Agadez

Mun iso jiya da dare, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Tafiyar kusan kilomita 450 ce ta Tanut da Adarbisinat, kuma wurare da yawa gara a sauka daga kwaltar a bi gefe, don ramukanta sun fi burji cin mota.

Bayan Adarbisinat da kaɗan muka ji ƙara ɗaya a baya, tas, kamar an karya kara, sai motar ta kwanta ta hagu. Uwar sifirin ta karye dab da ido. Kawu bai ce "na faɗa maka" ba, kuma shirunsa ya fi mini zafi. Muka ɗaga ta da jak, yaro ya samo guntun icce mai kauri, aka cusa tsakanin aksil da shasi, aka naɗe karyayyen da tsohuwar robar tiyub da waya har ya zama kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Da haka muka ja jiki, ba mu wuce gudun kilomita 30 ba har cikin gari.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, Agadez

An sa wata uwar sifirin, ta hannu ce amma lafiyayya, aka ƙara ganye ɗaya kowane gefe. Na bar siminti buhu biyu a gidan da muka sauka.

Akwai abin da nake so in rubuta shi yadda ya faru, don kada gobe in gyara wa kaina labari. Da bakaniken ya gama da sifirin, sai ya sa yaronsa ya taka totur yana haska ƙarƙashin inji da tocila, ya kira mu. Robar da inji ke zaune a kanta ta hagu ta tsage, rabi ya rabu da ƙarfensa. In aka taka mai sai ka ga injin ya ɗan ɗaga kafaɗa. Ya ce ta gaske babu ita a hannu sai Laraba, wadda ke kasuwa kuwa jabu ce, Kawu ya murɗa ta da hannu ya ajiye. Jira har Laraba na nufin mu rasa ayarin motocin da zai fita gobe Litinin da rakiyar soja zuwa Dirku, wanda ya rasa sai wani mako. Mako guda a Agadez da mutum uku da kuɗin masauki da abinci, ga masu lambu suna kira kullum. Kawu ya ce shi dai da zai bi ransa, da mun jira. Ni na ce mu tafi, za mu bi ta a hankali. Ni na yanke, ba wani ba.

Mun haɗu da abokan tafiya. Wani ɗan kasuwa ne mutumin Fachi da Hilux cike da gero da shinkafa da sukari da ganyen shayi, da direbansa da ɗansa, sai wani dattijo Ba'abzine da zai ja mu. Tun yana saurayi yake bin ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma, har ya zama madugu, kuma da sunan kowa ke kiransa. Mu bakwai ke nan, mota biyu. Ruwanmu gaba ɗaya lita 320 a jarkoki, ban da salka biyu da ke rataye a jikin Hilux. Muna da Thuraya ɗaya, wato wayar tauraron ɗan'adam, da GPS ɗaya.

Da yamma na je babban masallaci. Hasumiyar nan ta laka mai tsawon mita 27 ta fi shekara ɗari biyar ana ganinta daga nesa, ayari na shigowa da ita yake saiti. Na yi addu'a a gindinta, na roƙi Allah ya mayar da Kawu gida lafiya, tunda ni na taso shi daga zamansa.

Litinin, 18 ga Nuwamba, a daji gabas da Turayat

Ayarin ya tashi da rana tsaka. Manyan motoci da aka yi wa lodi har sama, mutane zaune a kan kaya kowa ya naɗe fuska, da ƙananan a-kori-kura da ke wucewa kamar iska. Ba mu daɗe a cikinsu ba suka bar mu da ƙurarsu.

Ƙasar nan gindin duwatsun Abzin ce, tsakuwa mai kaifi da ƙoramu busassu. Taya biyu suka fashe mana yau. Ta farko dutse ya yanke ta a gefe, yanka mai tsawon yatsa, wadda ba ta facuwa. Ta biyu ƙaya ce kawai, yaro ya buɗe rim ya ciro tiyub ya face cikin rabin awa. Saura safaya ɗaya mai kyau, ba mu ko taɓa yashi ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, Itacen Tenere

Da hantsi duwatsu suka ƙare, ƙasa ta buɗe. Kawu ya tsaya ya rage iskar tayoyi daga kilo uku da rabi zuwa ɗaya da rabi. Na tsuguna ina kallo: tayar ba faɗi take ƙarawa sosai ba, tsawon tafinta ne ke ƙaruwa, ta kwanta a kan yashi kamar ƙafar raƙumi. Daga nan motar ta daina nishi. Awa uku muna tafiya a fili shimfiɗaɗɗe, babu ciyawa, babu tudu, sai tsohon duro ko mataccen taya da aka kafa alama jefi-jefi.

Mun iso wurin itacen kafin magariba, kusan kilomita 240 daga Agadez. Itacen kansa babu shi. Ƙaya ce guda ɗaya, irin wadda Abzinawa ke kira afagag, ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar wannan fili har sai da aka sa ta a taswira. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta bi ruwa ƙasa fiye da mita 30. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, nan kuwa an kafa wata ta ƙarfe a madadinta. Madugu ya ce ayari nawa suka kwana a gindinta cikin sanyi, babu wanda ya taɓa karya reshenta ya dafa shayi, babu wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. Ya faɗi haka yana hura gawayi, bai ɗaga kai ba.

Mun ɗebi jarka biyu a rijiyar. Ruwan yana da ɗan wari, mun ware shi don wanke hannu da lagireto. Daga nan sawun manyan motoci ya yi arewa maso gabas wajen Dirku, mu kuma gobe za mu miƙe gabas. Fachi kusan kilomita 170 ne. Kawu ya ce in Allah ya so, la'asar a can za ta same mu.

Sanyin dare ya fi yadda na zata. Da bargo biyu na kwana, haƙorana na haɗuwa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, cikin yashi

Ban san ta inda zan fara ba. Muna nan lafiya dukanmu, wannan shi ne na farko.

Mun tashi bayan asuba, lokacin yashi na da sanyi da ƙarfi. Tuddan wajen nan dogaye ne, a jere suke kamar kunyoyin gona, tsakaninsu kwari mai faɗi, a cikin kwarin ake tafiya. Matsalar tana wajen tsallakawa daga wannan kwari zuwa wancan. Sau uku muka kafe kafin ƙarfe goma sha ɗaya, mu ne kullum, Hilux ba ta kafe ko sau ɗaya ba, kuma kowa ya san dalili. Duk kafewa aiki ɗaya ne: Kawu ya ɗage ƙafa nan take tun kafin taya ta tona wa kanta rami, mu sauka da shebur mu yashe gaban ƙafafu huɗu, mu cusa faifan ƙarfen nan da direbobin Agadez ke kira tol, ya sa ƙaramar giya ya fita a hankali, mu kuma mu tono tol ɗin mu bi shi da gudu har inda ƙasa ta yi tauri. A karo na uku na ji ƙaurin kuloci. Kawu ya ƙara rage iska zuwa kilo ɗaya.

Da rana ta take tsaka, inuwa ta ɓace. Wanda bai gani ba ba zai gane ba: yashin duka ya zama launi ɗaya, tudu da rami ba su da bambanci a ido. Madugu ya ce mu tsaya sai rana ta karkata. Ni da ɗan kasuwar muka ce saura tudu ɗaya mu faɗa kwarin da zai kai mu nesa, mu tsallake shi tukuna. Hilux ta karkata kudu ta hau, ta ɓace a bayansa. Kawu ya ja baya ya ɗauko gudu, don da nauyin nan in ba gudu ba za mu hau ba, kuma bai bi sawunta daidai ba saboda ta riga ta farfasa yashin, ya ɗan kauce dama da kamar taku goma. A nan bayan tudun a yanke yake. Zurfin bai fi tsayin ƙirjin mutum ba. Hancin motar ya tafi ƙasa, muka daku, kaina ya bugi gilashi, kayan baya suka taho gaba gaba ɗaya. Sai wata ƙara daga cikin inji, kamar an sa cokali a bakin fanka, sannan tururi.

Kawu ya kashe ta tun kafin in dawo hayyacina. Da muka buɗe bonet, ruwa na zuba daga lagireto kamar daga rariya, yashi na shanye shi muna kallo. Robar zaman injin nan ta rabu biyu. Da motar ta daku, injin ya zabura gaba, fanka ta shiga cikin lagireto ta zana masa rabin da'ira, ta yanke ƙananan bututunsa goma sha ɗaya, yaro ya ƙirga. Fukafukan fankar biyu sun karye. A baya kuma faifan sola ɗaya, na can ƙasa, ƙarfe ya soke shi, gilashinsa ya yi raga-raga.

Na zauna a kan yashi na kasa magana. Kawu ya zo ya duba goshina, ya ce, "Jini ne kaɗan. Tashi ka kama mini tocila, ba yanzu ake zama ba."

GPS ya ce saura kilomita 94. Mun kira Fachi da Thuraya muka ba su lambobin inda muke. Kafin duhu mun ciro lagireton mun kwantar da shi a kan tabarma.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, wuri ɗaya

Iska ta taso tun cikin dare daga arewa maso gabas, ba ta kwanta ba har yanzu. Ba a ganin Hilux daga taku talatin. Mun ɗaura tampol tsakanin motocin biyu, a ƙarƙashinsa Kawu ya yi aikin yini guda, yaro na kare masa yashi da bargo.

Ga yadda ya yi, don wanda zai buƙata. Kowane bututu da ya yanke, ya fara cire ƙananan ganyayyakin da ke kewaye da shi da bakin sukudireba har ya sami wurin kamawa. Sai ya datse shi, ya matse bakin da filaya, ya naɗe shi sau biyu kamar yadda ake naɗe bakin buhu, ya sake matsewa. Bututu goma sha ɗaya, kowanne baki biyu, sama da ƙasa. Sannan ya goge da fetur daga Hilux, ya cuɗa gam ɗin Araldite ya shafe kowane baki. Gam ɗin bai isa ba, huɗu na ƙarshe da sabulu da aka daka da ɗan auduga ya toshe su. Fankar kuma ya yanke fukafukan da ke daura da karyayyun da zarto, don in nauyinta bai daidaita ba za ta yi rawa ta kashe famfon ruwa. Injin muka ɗaga da jak, aka yanko gefen tayar nan da dutse ya yanka ranar Litinin aka ninka aka cusa a mazaunin robar, aka ɗaure injin da shasi da sarƙa.

Da azahar gardama ta tashi. Ɗan kasuwar ya ce shi zai wuce da Hilux, awa huɗu ya isa Fachi, gobe ya dawo da ruwa da wata mota. Maganarsa da hankali a ciki, ni ma na goyi bayansa. Madugu ya ce a'a. Ya ce, "Alhaji, in ka tafi cikin iskar nan sawunka zai shafe kafin ka yi nisan kiran sallah. In taka ta tsaya a can, tasu ta tsaya a nan, wa zai nemi wa? Mota biyu ba sa rabuwa."

Da ya faɗi haka sai na tuna da mutanenmu na Kance. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawansu daga ƙauyukan da ba su da nisa da gidanmu. Motarsu ɗaya ta lalace, ɗayar ta juya neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. A 2017 kuma mutum 44 ƙishirwa ta kashe a hanyar Agadez zuwa Dirku, su ma mota ce ta tsaya musu. Da ina jin labaran nan a rediyo, ina ɗauka wani babban abu ne ke faruwa da motocin. Yau na ga ba sai babba ba. Roba ce da ba ta fi tafin hannuna ba. Na janye maganata, na ce da Madugu nake.

Aka zauna aka yi lissafi a fili. Ruwan sha saura lita 215, na rijiya lita 30. Mu bakwai, in muka tsuke, lita 30 a yini har da dahuwa. Lagireto da inji suna cin kusan lita 10 kafin su cika. Madugu ya ja layi a kan yashi da yatsa ya ce duk ranar da ruwan sha ya sauka zuwa lita 100, ko ina muke, za a bar Land Cruiser da kayanta, a sauke buhunan Alhaji, mu bakwai mu hau Hilux. Kowa ya ce ya yarda. Na yarda ni ma, ina kallon akwatin famfon da mutane suka shekara biyu suna tara wa kuɗi.

Da dare ɗan Alhaji ya gasa mana burodin Abzinawa a cikin yashi da toka, muka ci da cuku da shayi. Kawu bai ci sosai ba, yatsunsa duk sun yayyanke.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Iska ta faɗi wajen ƙarfe uku na dare. Muka mayar da lagireto da tocila, muka cika da ruwan rijiya, muka tayar. Yana ɗiga, amma ɗiga ne, ba zuba ba. Kawu ya bar murfin a sassauce don kada ƙarfin tururi ya taru ya ture gam ɗin, ya kuma kunna hita har ƙarshe don ta riƙa janye zafi daga inji. Duro ɗaya da ya rage rabi da ƙarafan girki muka mayar kan Hilux, Alhaji da kansa ya ce a ɗora. Simintin da ya rage, buhu biyu, na sauke shi na bari a gindin tudun.

Tafiyar yau aikina ɗaya ne, kallon allurar zafi. Da ta wuce rabi sai in ce "Kawu," shi kuma ya juya hancin motar ya fuskanci iska, ya bar ta tana aiki a hankali har allurar ta sauko, mu ƙara ruwa, mu ci gaba. Kilomita bakwai, takwas, wani lokaci biyar. Da farko lita huɗu take sha a kowace tsayawa. Ruwan rijiya ya ƙare da hantsi, muka shiga na sha. Duk jarkar da na ɗaga na tuntsura a bakin lagireto sai na ji kowa ya yi shiru.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka tsaya cak, muka shiga ƙarƙashin tampol har la'asar. Wannan karon babu wanda ya ce saura tudu ɗaya.

Da yamma ta kawo wani sabon abu: tana tafiya sai ta riƙa shaƙewa, ƙarfi ya ragu, ta mutu. Gabana ya faɗi, na ce inji ya tafi. Ashe matatar mai ce. Gazuwal ɗin gindin duro da muka juye jiya ya zo da laka da ruwa. Muna da sabuwa, aka canza, yaro ya yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kanta har iska ta fita, ta tashi a bugu na uku. Minti arba'in.

Mun yi kilomita 58. Ruwan sha saura lita 140. A hanya mun ga sawun ayari sabo, da kashin raƙuma, da wurin da suka kwana. Madugu ya sauka ya duba, ya ce jiya suka wuce, sun fi ɗari biyu, Fachi za su. Su kwana uku ko huɗu suke yi daga itacen zuwa can, a ƙafa. Mu yau kwananmu uku.

Asabar, 23 ga Nuwamba, Fachi

Ƙarfe tara da ɗan wani abu dutsen Agram ya bayyana, baƙi, dogo, sannan duhun dabino a gindinsa. Alhamdu lillahi. Mun shigo da lita 112.

Masu lambun sun fito har bakin gari. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Sun ce tun ranar Alhamis suka shirya mota, iska ce ta hana ta fita, kuma sun yanke in ba mu iso yau da azahar ba za ta taso.

Na yi barci daga azahar har isha.

Talata, 26 ga Nuwamba, Fachi

Aiki ya fara. Na gwada faifai bakwai da suka rage ɗaya bayan ɗaya, duka suna ba da wuta yadda ya kamata. Famfon da akwatinsa ba abin da ya same su, katifar da na naɗe su da ita ta yi aikinta. Da bakwai famfon zai tashi, sai dai zai makara da safe ya kuma riga lokaci tsayawa da yamma. Na gaya wa masu lambun haka a gaban kowa, na ce faifai na takwas bashi ne a kaina, ba a kansu ba.

Ruwa a nan ba shi da nisa, rijiyar ba ta kai gaba huɗu ba, abin da ke cin ƙarfinsu shi ne ja da guga daga safe har rana ta yi zafi. Rashin siminti ya sa muka canza dabara. Magina suka ce a haƙa ramukan ƙafafun da zurfi, a cika da dutse da laka mai gishiri irin wadda suke gini da ita. Sun kai ni tsohuwar ganuwarsu in gani, wadda aka gina da wannan ƙasa, da manyan rumbunan laka a cikinta inda kowane gida ke ajiye hatsi da dabino lokacin hare-hare. Ƙasar tana daskarewa kamar dutse, na gani na yarda. Damuwata gishirin ne, zai ci ƙarfe. Na shafe ƙafafun da baƙin mai na naɗe su da robar tiyub kafin a binne, kuma na rubuta a littafin aiki cewa sai an tono an duba su bayan shekara.

Ayarin da muka ga sawunsa yana nan a bayan gari, sun sauke gero suna ɗaure kantu da dabino. Madugu tun shekaranjiya a wurinsu yake kwana.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, Fachi

Jiya ƙarfe tara da kwata na safe ruwa ya fito. Na auna da duro: lita 200 cikin minti biyar da rabi da rana tsaka. Yau mun ja tiyo zuwa kwalbatin da suka gina, mun gyara wurare biyu da ke yoyo. Gobe zan zauna da samari biyu da suka zaɓa in nuna musu wanke faifai da karanta fitilun akwati, da abin da ba za su taɓa ba ko da famfo ya tsaya.

Mota tana ƙarƙashin dabino, bonet a buɗe. Kawu ya ce da wannan lagireton ba za ta sake shiga yashi ba, kuma ban ce komai ba sai to. Mun yi waya da bakaniken Agadez: ya sami lagireto na hannu, da fanka, da robar zaman inji guda biyu ta gaske, hagu da dama, da tiyub biyu da taya ɗaya. Zai ba wata mota da ke fita da ayarin Litinin mai zuwa, ta sauke su a Dirku, daga can wani ɗan'uwan Alhaji ya kawo su Bilma, sannan a jira mai zuwa nan. Kuloci yana kamawa can sama, Kawu ya ce zai kai mu gida tunda za mu koma babu kaya. Gazuwal saura lita 230, zai isa. Madugu ya ce in kayan sun wuce kwana goma ba su zo ba, shi zai bi ayari ya koma, amma zai bar mana ɗan ƙanensa da ya san hanya. Kawu ya ce ko kayan sun zo gobe, ba zai tayar ba sai an sami mota ta biyu mai komawa Agadez, kuma Alhaji ya ce tasa sai tsakiyar watan gobe.